Kyarketai a gandayen kiwo na Amurka, da abin da masu shirin killace shanu ya kamata su sani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ranka ya daɗe, muna roƙon fili a wannan jarida mu tofa albarkacin bakinmu kan batun killace dabbobi. Tun da gwamnatin tarayya ta fito da shirin sauya fasalin kiwo a 2019, aka kuma kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024, duk mai son gamsar da jama'a sai ya buga misali da gandayen kiwo na yammacin Amurka: fili iya ganin ido, an zagaye da waya, shanu suna kiwon kansu, mai su yana gida. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne shekara talatin ke nan masu waɗannan gandaye suna fama da kyarketai, kuma duk dabarar da suka ƙirƙiro, ba ta aiki sai da mutum a kusa da garke. Muna so mu bayyana yadda abin yake filla-filla, domin akwai abin ɗauka.

An ƙarar da kyarketai a gandun dajin Yellowstone tun wajen 1926, da guba da tarko da bindiga. A 1974 aka sa su cikin dabbobin da doka ta hana kashewa. Sai a 1995 da 1996 gwamnati ta kamo 66 daga Kanada, ta saki 31 a Yellowstone, 35 a tsakiyar jihar Idaho. Suka hayayyafa, suka bazu Montana da Wyoming da Oregon da Washington, har wani ya taka da ƙafarsa zuwa Kalifoniya a 2011. A jihar Kolorado kuwa ƙuri'a aka kaɗa a Nuwamban 2020, masu son a dawo da su suka yi nasara da ƙyar, yawancinsu mutanen birni. A Disamban 2023 aka saki goma da aka kamo daga Oregon, kuma shekara ba ta zagayo ba sai da hukuma ta koma ta kama wani gungu daga cikinsu saboda ɓarnar da ya yi wa shanu da tumaki a yankin Grand.

Idan aka dubi lissafin ƙasa baki ɗaya, ɓarnar kyarkeci kaɗan ce. Ƙididdigar ma'aikatar gona ta Amurka ta 2015 ta nuna kusan kashi 98 cikin 100 na manyan shanun da suka mutu, da kusan kashi 89 na maruƙa, ba namun daji ne suka kashe su ba. Ciwon huhu ne, da zawo, da wahalar haihuwa, da tsananin sanyi. Ko a cikin waɗanda namun daji suka kashe, koyote, wani ɗan'uwan dila, shi ne kan gaba nesa ba kusa ba. Masu kare kyarketai suna son wannan lissafi ƙwarai. Mu dai muna ganin gaskiya ne amma bai isa hujja ba, domin asarar ba ta rabuwa daidai a kan kowa. Gungu ɗaya na kyarketai yana riƙe da yanki mai faɗin ɗaruruwan murabba'in kilomita, kuma gandaye biyu ko uku da suka faɗa kusa da raminsu su ne ke ɗaukar nauyin duka. A Agustan 2013, a gabashin Idaho, kyarketai biyu suka firgita garken tumaki da dare, tumakin suka ruga suka hau kan juna a gangaren dutse, 176 suka mutu. Kaɗan ne aka samu da cizo, sauran numfashi ne ya ɗauke musu a cikin turmutsitsi. Wanda aka yi wa wannan, ba za ka lallashe shi da lissafin ƙasa ba.

Akwai kuma asarar da ba ta barin gawa. Garken da ake kora da dare ba ya kiwo yadda ya kamata, yana cunkushewa wuri ɗaya, yana gudu yana ƙona kitse. Wani bincike a Montana da aka wallafa a 2014 ya gano cewa a gandayen da aka tabbatar kyarkeci ya kashe dabba, maruƙa sun zo lokacin sayarwa da ragin kusan kilo 10 kowane. Mai maruƙa 250 ya yi asarar kilo 2,500 na nama ke nan, alhali takardar diyyar da hukuma ke biya maraƙin da aka kashe kawai ta sani.

Haɗarin yana da lokacinsa, kuma wanda ya san kalandar kyarkeci ya yi rabin aiki. Suna barbara a Fabrairu, ciki kwana 63 ne, macen takan haifi 'ya'ya huɗu zuwa shida a rami cikin Afrilu. Wannan ya yi daidai da lokacin da shanun yankin ke haihuwa, daga Fabrairu zuwa Mayu, ga jini ga mabiyiya ga maruƙan da ba su iya gudu ba. Bayan kamar mako takwas sai a fitar da 'ya'yan daga rami zuwa wani fili mai ruwa da ciyawa, inda suke jiran manya su kawo abinci, kuma irin wannan fili shi ne shanu ma ke so. Lokaci na biyu mafi muni shi ne Agusta da Satumba: 'ya'yan sun girma, cikinsu ya buɗe, ba su iya farauta ba tukuna, 'ya'yan babbar barewar nan da suke kira elk kuma sun yi ƙarfin tserewa. A wannan lokaci shanu suna warwatse a kan duwatsu, a filayen gwamnati, wani sa'in mako guda ba wanda ya leƙa su. Namijin kyarkeci a wannan yanki yakan kai kilo 45 zuwa 55, yana iya cinye kilo 9 na nama a zama ɗaya, kuma tafiyar kilomita 30 a dare ba komai ba ce a wurinsa. Wayar ƙaya mai layi huɗu da aka saba kewaye gandu da ita don tsare saniya aka yi ta. Layin ƙasa yakan yi tazarar kusan santimita 40 daga ƙasa, kyarkeci yana wucewa ta ƙarƙashi ba tare da ya rage gudu ba.

Idan an tsinci gawa, abin da aka yi a sa'o'in farko shi ke yanke ko za a sami diyya. Kada a ja gawar, kada a bar karnuka da mutane su tattake wurin. A ɗauki hoton sawu da jini da alamun kokawa, a ajiye wani abu mai sanannen tsawo a gefe don a gane girma, a kife bokiti a kan sawu mai kyau, a rufe gawar da tamfol a danne da duwatsu, sannan a kira jami'in hukuma nan take. Sawun kyarkeci yakan kai santimita 10 zuwa 13 a tsawo, na koyote kusan rabin haka. Jami'in zai feɗe fatar gaba ɗaya, domin daga waje sau da yawa ba a ganin komai sai 'yan ƙarce-ƙarce. Abin da yake nema shi ne taruwar jini da dagargajewar tsoka a ƙarƙashin fata, galibi a cinyoyin baya, da kwiɓi, da bayan ƙafar gaba. Jini ba ya taruwa a jikin da zuciyarsa ta tsaya, saboda haka idan akwai shi, an ciji dabbar tana da rai. Idan babu, mushe ne kyarkeci ya tarar ya ci. Sai a auna tazarar da ke tsakanin fiƙoƙi biyu: na kyarkeci wajen santimita 4 zuwa 5, na koyote wajen 3. Matsalar ita ce gungu ɗaya yana iya gamawa da maraƙi a dare guda, hankaki da gaggafa su ƙarasa saura. Wani bincike a duwatsun Idaho ya nuna cewa a cikin maruƙa takwas da kyarkeci ya kashe, kusan ɗaya kawai masu su ke tsinta. Shi ya sa jihar Wyoming, a wasu yankunanta, take biyan kuɗin maruƙa bakwai a kan kowane ɗaya da aka tabbatar. Kolorado tana biya har dala 15,000 a kan dabba ɗaya. Amma duk tsarin ya rataya ne a kan a ga gawar da wuri, kuma wanda ba ya zagaya garkensa kullum ba zai gani ba.

Cikin hanyoyin kariya, wadda ta fi arha ita aka fi sakaci da ita, wato kawar da mushe. Kowane gandu yana da inda yake jefar da dabbar da ta mutu, galibi wani kwari a bayan wurin haihuwa. Kyarkeci yana jin wari daga nesa mai yawa, ya zo ya ci, ya dawo gobe, ya mayar da wurin hanyarsa. Ranar da bai tarar da mushe ba, ga maruƙa nan a gefe. A kwarin Blackfoot na Montana, tun farkon shekarun 2000 masu kiwo suka haɗa kai, mota tana zagayawa a lokacin haihuwa tana kwashe gawarwaki zuwa wuri guda da aka kewaye da wayar lantarki, a mayar da su taki. Yadda ake yi: a shimfiɗa ɓarɓashin katako mai kaurin kusan rabin mita, a ɗora gawar, a rufe ta ko'ina da wani rabin mitan ko fiye, a riƙa jiƙawa kada ya bushe. Zafin cikin tulin yakan haura digiri 55, cikin 'yan watanni sai ƙasusuwa. Idan rufin ya yi siriri wari zai fita, idan ya bushe ruɓewa za ta tsaya. Wanda zai binne kuwa, ramin ya haura mita 2, domin rami marar zurfi kyarketai tonewa suke yi. Tsofaffin ƙasusuwa ma a kwashe, suna komawa kansu ko bayan shekara.

Sai igiya mai tutoci, wadda asalinta dabarar mafarautan gabashin Turai ce ta tare kyarketai. Ana ɗinka jajayen ƙyallaye masu tsawon santimita 50 da faɗin 8 zuwa 10 a jikin igiya, tazarar kusan santimita 45 zuwa 50 tsakaninsu, a ɗaure a kan turaku yadda igiyar ba za ta wuce santimita 70 daga ƙasa ba, bakin ƙyallen yana gab da taɓa ƙasa. Kyarkeci yana tsoron baƙon abu, sai ya yi ta zagaye ya ƙi tsallakawa. Amma Bahaushe ya ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Gwaje-gwaje sun nuna tsoron yakan kai kamar kwana 60, daga nan sai wani mai ƙarfin hali ya matso ya shinshina, ya ciji ƙyallen, ya ga ba komai. Don haka aka koma sa waya mai lantarki a madadin igiyar, ta yadda ranar da ya kai hanci zai sha wuta ya koma da sabon tsoro. Kurakuran da ke kashe wannan dabara sanannu ne. Iska tana naɗe ƙyallaye a jikin waya ta bar ƙofa. Maruƙa suna tauna su. Waya tana saki a inda ƙasa ta yi kwari, ko ta yi sama da yawa a kan rafi. Mafi muni shi ne a bar ta a kafe duk shekara don ƙyuyar naɗewa. Wanda ya yi haka ya koya wa kyarketan yankin raina ta, ya ɓata wa maƙwabtansa ma. Wurinta shi ne ƙaramin fili, lokacin haihuwa, a cire da an gama. Haka fitilu masu walƙiya da na'urorin ƙara: a riƙa sauya musu wuri bayan 'yan kwanaki, in ba haka ba sun zama ado.

Shingen lantarki na dindindin ya fi dacewa da makwancin dare. A nan Jamusawa suna da tsari mai kyau, tun da kyarketai suka koma haihuwa a ƙasarsu a 2000. Abin da suke ba da shawara shi ne layi biyar, a tsayin santimita 20, 40, 60, 90 da 120, da ƙarfin wuta da bai gaza volt 4,000 ba a ko'ina a jikin shingen. Layin ƙasa shi ne mai muhimmanci, domin kyarkeci ya fi son ya kutsa ta ƙasa ko ya tona a kan ya yi tsalle. Abu biyu ke kashe wutar. Na farko ciyawa: da ta tsiro ta taɓa layin ƙasa sai ta riƙa tsotse wutar, a auna a ga ta faɗo ƙasa da rabi. Na biyu busasshiyar ƙasa, domin wutar sai ta bi jikin dabbar ta shiga ƙasa ta koma na'ura kafin a ji zafinta. Maganinsa a kafa sandunan ƙarfe uku, kowane ya shiga ƙasa mita ɗaya ko fiye, tazarar mita 3 tsakaninsu, a wuri mai laima, a haɗa su da na'urar. A inda fari ya yi yawa kuma a jera layukan ɗaya mai wuta, ɗaya marar wuta da aka haɗa da waɗannan sanduna, yadda dabbar za ta taɓa biyun lokaci guda. Wannan na biyun ya shafe mu ƙwarai, mu da ƙasarmu ke bushewa rabin shekara. Kuma a auna wutar kowace rana da ma'auni, a can ƙarshen shingen, nesa da batir.

Karnukan gadi sun yi suna, irin su Kangal da Akbash na Turkiyya, da Maremma na Italiya, da farin karen duwatsun Pyrenees. Ana sa ɗan kwikwiyo cikin tumaki tun yana mako takwas, ya tashi da su kafin ya cika mako goma sha shida, in ya wuce haka ya shaƙu da mutane ko da 'yan'uwansa karnuka sai ya riƙa barin garke. Ba ya zama abin dogaro sai ya kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Kare ɗaya ko biyu sun isa koyote, amma a gaban gungun kyarketai abinci ne. Ana buƙatar huɗu, biyar ko fiye, da abin wuya mai ƙusoshi. Daga Afrilu zuwa Yuni kuma a nisantar da su daga ramin haihuwa, domin kyarkeci yana ɗaukar kare a matsayin abokin gaba da ya shigo masa gida, zai biyo shi har cikin garke ya kashe.

Ranka ya daɗe, a lura da abin da ya haɗa waɗannan duka. Tuta tana son mai warware ta, waya tana son mai yanke ciyawa, kare yana son mai ciyar da shi a daji, gawa tana son mai tsintar ta kafin rana ta yi. A kwarin Wood River na Idaho, tun 2008 ake gudanar da wani shiri a yankin da dubban tumaki ke ratsa ƙasar kyarketai kowace bazara. Makiyayan, waɗanda yawancinsu 'yan ƙasar Peru ne da ake ɗaukowa da bizar aiki, suna kwana kusa da garke, ana ƙara musu mutane a daren da aka ji kyarketai kusa, ga karnuka, ga fitila, ga ƙaho mai ƙara. A cikin shekara bakwai, tumakin da kyarketai suka kashe ba su wuce kashi 0.02 cikin 100 ba, asarar yankin da ke maƙwabtaka da su ta ninka tasu sau uku da rabi, kuma ba a kashe kyarkeci ko ɗaya a yankin shirin ba. A ɓangaren shanu, jihohi da ƙungiyoyi suna biyan mahaya dawaki albashi su riƙa bin garke, Kolorado ma ta ɗauki nata a 2025. Aikin mahayi ya wuce zagaye: ya karanta sawu, ya ware gurguwa da marar lafiya ya mayar gida, ya haɗa kowace saniya da ɗanta kafin magariba, ya tara garken wuri guda ya kwantar. Dalilin tarawar shi ne kyarkeci mafaraucin abin da ya gudu ne. Yakan gwada garke, in shanu suka tsaya suka fuskance shi da maruƙa a tsakiya, sau da yawa sai ya wuce. Wadda ta ware ta ruga ita ce tasa. Shekaru da dama ana sakin shanun Amurka su warwatse, an kuma zaɓi marasa ƙaho, har wannan ɗabi'a ta tsayawa tare ta yi rauni, yanzu ana sake koya musu. Inda mahayi ya gaza, galibi fili ne ya yi masa yawa: mutum ɗaya a kan dubban hekta na duwatsu da kurmi, yana zuwa da rana alhali ɓarnar da asuba da dare ake yin ta.

Kisa ma yana cikin lissafi, kuma ba ma ganin laifin a kashe kyarkecin da ya riga ya mayar da shanu abincinsa. Sai dai binciken da aka yi kan Montana da Idaho da Wyoming, wanda ya fito a 2015, ya nuna cewa kashe ɗaya ko biyu daga gungu yana rage ɓarna ne kawai idan an yi shi cikin mako guda da aukuwar abin. Bayan mako biyu, da yi da rashin yi duk ɗaya. Kawar da gungun gaba ɗaya ya fi daɗewa yana aiki, amma yankin ba ya zama fanko har abada, wasu za su shigo, kuma idan ramin mushe yana nan inda yake, su ma hanyar za su bi.

Mu a nan ba mu da irin wannan babban kyarkeci. Muna da kura, muna da dila, wanda binciken ƙwayoyin halitta na 2015 ya nuna cewa mai ruwan ƙasa-ƙasan nan na yankin Sahel ya fi kusa da kyarkeci a kan dilan Asiya, muna da karnukan da suka koma daji, kuma makiyayan da ke kewayen gandun Waza a Kamaru da gandun W a Nijar sun san ɓarnar zaki. Abin da ya hana asararmu yin yawa shi ne abin da Amurkawa ke biyan kuɗi su dawo da shi: makiyayi yana tafe da shanunsa, ya san kowace da sunanta, da yamma a koma mashekari, a ɗaure maruƙa a dangwali kusa da mutane. Tsoronmu shi ne a zana gandun kiwo a takarda, a sa kuɗin waya da rijiyar burtsatse da irin ciyawa, a ɗauka an sallami makiyayi.

Don haka muna kira ga masu tsara waɗannan gandaye, na gwamnati da na 'yan kasuwa, musamman waɗanda za a kafa kusa da dazuzzuka, su sa waɗannan a kasafi tun farko: albashin makiyayan da za su kwana da garke, makwancin dare mai shingen da aka yi shi daidai da busasshiyar ƙasa, keɓaɓɓen wurin haihuwa kusa da gidajen ma'aikata, da wurin sarrafa mushe mai nisa da dabbobi, a daina jefarwa a bayan shinge. A hana zuba guba a jikin mushe, domin ungulu da karnukan gari take fara kashewa. A kuma koya wa malaman dabbobi na ƙananan hukumomi feɗe gawa da karanta cizo, saboda duk ranar da aka fara maganar diyya ko inshorar dabbobi, tambayar farko da za a yi ita ce me ya kashe ta.

Mun gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu malaman kiwo da lafiyar dabbobi,
Zariya.